Aikin da Na Nemo wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je unguwar Gudel nema wa mai aiki aiki ba.

Mu gidanmu ƴan kasuwa ne. Maigidana yana da butiki, wato shago, a kasuwar Wadata, ni kuma ina sai da atamfa kusa da shi. Daga safe har magariba muna can, Lahadi ma haka, Juma'a kaɗai muke rufewa lokacin masallaci. Shi ya sa a kaina aiki iri biyu ne: namu da ba ya ƙarewa, da na ƴan biro, ma'aikatan ofis, masu hutun Asabar da Lahadi.

To, sai ga Isufu ya fito neman ƴata Rakiya, har an sa rana. Ta ce mini a kamfanin ruwa yake aiki. Na yi murna. Amma wata Talata da hantsi taksi ta bi da ni ta unguwarsu, na hango shi a fada, wurin hirar samari, da abokai ana dafa shayi. Ran Alhamis na sake bi (wannan karon ni na ce wa mai taksi ya bi ta nan), na gan shi kwance bisa tabarma yana barci. Wane ma'aikaci ke barci ran Alhamis da rana tsaka? Na yanke cewa an kore shi ne yana ɓoyewa.

Ban gaya wa Rakiya ba, don ban son ta yi kuka, ban kuma son auren ya watse. Sai na lallaɓa ƙanen maigidana ya yarda zai ɗauki yaron ya riƙa tsare masa shagon shinkafa. Na ji daɗin kaina sosai. (Na yi karatun yaƙi da jahilci, ina ganin ba abin da ke wuce ni.)

Na sa mayafina mai kyau na tafi wajen uwarsa, Hajiya Hamsatu, Bazabarma mai Hausar kasuwa. Na tarar da ita da ƙannenta mata biyu suna tsinke zogale. Muka gaisa, muka daɗe. Daga nan na sassauta murya na ce rashin aiki ba abin kunya ba ne, ɗa na kowa ne, ga abin da na samo wa Isufu.

Hajiya ta aje tire ta dube ni. Sai ta ɗaga murya ta kira shi.

Ya fito daga ɗaki ido jajur, ya gan ni, ya durƙusa can nesa ya sunkuyar da kai. Uwar ta ce, "Surukarka ta samo maka tsaron shinkafa. Gaya mata inda ka kwana."

A hankali ya yi bayani, yana kallon ƙasa. Injinan tace ruwa ba su tsayawa, don haka karɓa-karɓa suke yi: wani satin shi ke kwana, wani satin ya yini. Hutunsa kan faɗo Talata, ko duk ranar da ta samu. Ya ce, "Inna, ran Sallar layya ma da kuke wanke nama, ni ina can."

Ƙannen Hajiya suka duƙufa kan zogalen, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko ruwan unguwarmu zai dawo da wuri gobe.

An yi aure lafiya. Har yau in Hajiya Hamsatu ta zo Wadata sai ta tsaya gaban rumfata ta ce, "Maman Rakiya, ba wani aiki? Ina da wani ɗan."

Tun daga nan, in na ga mutum yana barci da rana, sai in rage murya in wuce. Wataƙila shi ne ya kwana aiki har na samu ruwan alwalar asuba.