Wasiƙar Dakta Musbahu Ga Janar Biyu

Duk wanda ya ce babu gwarzo cikin Hausawan Manchester bai taɓa hawa bas ɗin Stockport Road tare da Dakta Musbahu ba. Daktan nan ba na allura ba ne, ba na jami'a ba. Wata ƙungiyar intanet ce ta hango cancantarsa ta aiko masa da laƙabin ta gidan waya. Katinsa na cewa Jakadan Zaman Lafiya na Duniya. Mutanen unguwar Longsight kuwa, saboda tsabar ƙauna, Majalisar Ɗinkin Duniya suke kiransa idan ya ba da baya. Ya taɓa sasanta mahauta biyu a kasuwa. Har yau ba sa gaisawa, amma sun haɗu a kan ƙinsa.

A shekarun da council, wato hukumar gari, ke rufe laburare tana rage ma'aikata, labari ya zo cewa janar biyu masu mulkin wasu ƙasashe maƙwabta a Afirka sun jibge tankoki a kan iyaka. Dakta ya gyara zaman hula. Ya kira taron gaggawa a Birmingham, a wani zauren unguwa na Sparkbrook da ake shirin rufewa, har an kashe masa hita. Mutum goma sha ɗaya suka zo, kowa cikin rigar sanyi.

Cikinsu akwai Alima, 'yar Kumasi mai kula da tsofaffi a unguwar Lozells. Ƙanenta Salihu direban tirela ne, ya maƙale a garin kan iyakar tare da direbobi ashirin, sojoji sun hana su gaba sun hana su baya. Ta roƙi a sa sunayensu a wasiƙar da Dakta zai aika wa janar ɗin biyu, ko Allah zai sa a buɗe musu hanya. Dakta ya ce ta ɗauka sun riga sun iso gida, sannan ya miƙe.

"Jama'a, dictator ba a yi masa shouting. Ni na san psychology ɗinsu. Da yabo ake farawa, in zuciya ta yi laushi sai a zare masa bindigar cikin hikima."

Awa guda da kwata yana karatu. Shafi ukun farko kirari ne: zakin sahara, garkuwar talakawa, wanda maƙiya ke jin sunansa su rasa barci. Wasiƙa ɗaya ce ga janar ɗin biyu, suna kawai ya canza. Shafi huɗu tarihin Dakta ne. Roƙon kada a yi yaƙi yana can ƙasan shafi na takwas, layi biyu, cike da neman afuwa. Malam Sumani, direban bas, ya tambaya ko za a dawo da layi biyun sama. Dakta ya sanar da shi cewa diflomasiyya ba tuƙi ba ce. Sauran lokacin ya tafi a ɗaukar hoto.

Ranar Talata aka aika. Ranar Asabar aka fara ruwan wuta. Wayar Salihu ta daina shiga.

Bayan mako guda gidan rediyon janar na farko ya karanta shafi ukun kaf, shaidar cewa 'yan Afirka mazauna Turai suna bayan yaƙinsa. Washegari na janar na biyu ya karanta nasa. Dakta ya naɗi muryoyin a waya, ya hau mota har Birmingham, ya tare mutane a ƙofar wani masallaci a Stratford Road bayan Juma'a yana kunna musu.

"Both sides," in ji shi. "Ku nuna mini wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi in ba ni ba."

Alima ta jira har ya gama, ta tambaye shi a wane shafi ya sa sunayen direbobin. Ya ce ya cire su, don kada ran Janar ya ɓaci. Ta gaya masa cewa jiya Salihu ya kira. Da ƙafa ya fito ta daji, kwana biyar, tirelar ta ƙone. Huɗu daga cikin abokansa ba su fito ba.

Dakta ya sunkuyar da kai, abin da ba a taɓa gani ba. Har Malam Sumani ya fara tausaya masa. Can ya ɗago.

"Hajiya, tunda ya tsira, ko zai rubuto mini 'yar takardar godiya da Turanci? Ƙarshen watan nan ake rufe karɓar sunayen masu neman lambar yabo ta zaman lafiya."