Ma'anar Dokin Itace

A wani daji, inda tsuntsaye suka kewaye garinsu da shingen ƙaya saboda tsoron tunku, akwai majalisar malamai da ba ta da sana'a sai fassara. Ka ce musu hadari ya taso, sai su tambaye ka me hadarin yake nufi.

Shamuwa mai yawon duniya ce ta jawo maganar. Ta dawo daga ƙetaren teku da tatsuniyar mutanen Girka: wai shekara goma ana yaƙar wani birni ba a ci shi ba, sai maharan suka sassaƙa ƙaton dokin itace, suka cusa mayaƙa a cikinsa, suka bar shi a ƙofa kamar kyauta. Mutanen birnin suka ja shi ciki da hannunsu, da dare mayaƙan suka fito, aka ƙone birnin ƙurmus.

Kwana bakwai malamai suna kan dokin nan a bisa tsamiya. Ran na bakwai tunkuna suka aiko da kyautar sulhu, ƙaton kututture mai kogo, an toshe bakinsa da zangarniyar gero. Aka mirgino shi ciki ana guɗa, aka ajiye shi taku uku daga inda Tabawa zabuwa take kwanci kan ƙwai goma sha biyu.

Tabawa ba ta yi karatu ba, amma tana da kunne. Ta ji kututture yana numfashi, ta leƙa ta hango wutsiya. Nan take ta bar ƙwanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ruga gindin tsamiya.

Ta tarar Malam Ungulu, shugaban majalisa, ya ɗauki zafi. "Dokin nan kwaɗayi ne," in ji shi, "mayaƙan cikinsa kuwa sharrin da kwaɗayi ke haifarwa. Wanda ya ce doki doki ne kawai, ya koma makarantar allo."

Tabawa ta durƙusa. "Allah ya gafarta malamai, akwai tunku a cikin kututturen nan. Na ga wutsiya."

Ungulu ya lumshe ido. "Madalla! Kun ji hikima a bakin jahila. Kututture shi ne zuciya, tunku shi ne son rai da ke ɓoye a cikinta."

"Malam, ba zuciya nake faɗa ba. Wutsiya ce mai gashi, tana motsi, ga ƙwaina a gefe!"

Malam Hankaka, wanda bai taɓa yarda da Ungulu ko a kan fitowar rana ba, ya gyara murya. "Ina da ja. Gashin shi ne mabuɗin zancen, ƙwai kuma alamar gobe ne. Baiwar Allah, zauna ki maimaita a hankali, za mu rubuta."

Ba ta zauna ba. Ta juya da gudu tana kuka, amma ina, ihu bayan hari. Geron yana ƙasa, kogon ya zama fanko, tunkuna sun fice ta ƙofar da aka bari a buɗe don murna. Ta tsaya kan ɓawon ƙwai goma sha biyu.

Da la'asar Malam Ungulu ya sauko ta'aziyya. Ya daɗe yana duban ɓawon, ya ce lallai wannan ma zai buƙaci zama na musamman. Bai tashi ba sai da ya tsince abin da ya rage, domin bincike.