Shuɗiya, Motar Na-Japan, Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma koyon tafiyar ƙasa bayan tsufa, iyalan tsohon ma'aikacin hukumar ruwa, wanda duk unguwa ta fi sani da Na-Japan, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da duk wanda aka taɓa rage wa hanya, rasuwar motarsu Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a tsakiyar hawan gadar da ke kan hanyar asibiti, bayan rashin lafiyar da mai ita ya ɗauka ta kwana ɗaya ce. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya, ashirin da biyu daga ciki a gidan nan.

An haifi marigayiyar a ƙasar Japan, a gidan manya. Ta yi ƙuruciyarta a wata ƙasa mai sanyi, a hannun wani bawan Allah da ba a san ko wane ne ba, kafin jirgin ruwa ya kawo ta inda rabonta yake. Ta hannu aka saye ta, amma ba a faɗin haka a gaban Na-Japan, domin shi a wurinsa wancan mutumin riƙo kawai ya yi masa. Shuɗiya ce da gaske a ranar da ta shigo gida. Daga baya rana da ruwan sama suka yi ta rabon fentin har ya koma wani launi da ba shi da suna, amma sunan ya bi ta har ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin da ke gaban shagon tela bayan la'asar ya sha tarihin gidan su marigayiyar, ko yana so ko ba ya so. Na-Japan bai taɓa taka Japan ba, filin jirgi ma rakiya ce ta kai shi, amma zai ba ka labarin kamfanin da ya ƙera ta kamar a tsakar gidansu aka yanke masa cibiya. A cewarsa, mutanen nan da ƙaramin aiki suka fara, duniya tana yi musu dariya, suka sunkuyar da kai suka yi ta gyara har masu dariyar suka dawo suna leƙen yadda suke yi. A cewarsa, idan noti ɗaya bai ɗauru ba a masana'antar, ƙaramin ma'aikaci yana iya tsayar da aikin gaba ɗaya, shugaba ya sauko ya rusuna ya yi masa godiya. Kullum labarin yana ƙara tsawo, notin yana ƙara ƙanƙanta. Tela ya haddace shi har yana cike masa inda ya manta.

Halayen marigayiyar kuwa, ba a yi mata ƙarya. Mai haƙuri ce, mai ƙanƙan da kai, ba ta da cin mai. Da safe takan yi gyaran murya sau uku, "ƙir, ƙir, ƙir," a na huɗu ta ce "burum," unguwa ta san bakwai ta yi. Hon ɗinta ya dishe tun shekarun baya, ba ya wuce "fiii," kamar mai neman alfarma, shi ya sa ba ta taɓa tsorata ko akuya ba. Ƙofar mai zaman banza daga waje kawai take buɗuwa, kuma ba ta kulluwa. Gilashin baya na hagu da sukurdireba aka tokare shi. Duk da haka ita ta kai yara huɗu makaranta tun daga aji ɗaya har suka gama, ita ta ɗauko keken ɗinkin tela ranar da ya canza shago, ita ta kai matar mai gyaran rediyo asibiti tana naƙuda, aka haihu minti goma da isarsu. Ba a taɓa jin ta kwana a hanya ba.

A kan wannan ne Na-Japan ya gina sunansa. Kirarinsa guda ne: tun da ya mallake ta hannunsa bai taɓa buɗe bonet ɗinta ba, kuma ban da juyen baƙin mai ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Ranar juyen ma kujera yake juyawa ya ba wa motar baya, wai bai kamata a tsaya ana kallon cikin babba ba. Sau ɗaya bakanikensa, wanda ake ce wa Sipana, ya kuskura ya ce lagireto yana son a duba shi. Na-Japan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wanda ya ɗaura shi ya fi ka karatu, ya fi ka wankin hannu." Daga ranar Sipana ya kama bakinsa.

Wanda ya fi shan wahalar wannan kirari shi ne maƙwabcinsa Akawu, mai wata doguwar mota ƙirar Turai wadda rabin rayuwarta a kan duwatsu ta yi shi. Duk safiyar da Na-Japan ya same shi ya tura kai cikin inji, sai ya rage gudu, ya sauke gilashi da hannu biyu, ya ce, "Akawu, ya mai jiki?" Ban da haka, duk ƙarshen shekara yakan zauna a falo ya rubuta wa kamfanin wasiƙar godiya, shafi biyu cur, ya manna kan sarki ya kai gidan waya da kansa. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Ya ce alamar mutanen kirki ke nan, aiki ya yi musu yawa.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da aka kwantar da Uwargida a asibiti domin a yi mata aiki a gwiwa. Shuɗiya ce ta kai ta. Da suka isa, yana zagayowa ya buɗe mata ƙofar nan da ba ta buɗuwa ta ciki, ta dafa hannunsa ta ce, "Baban yara, ka riƙa duba mata ruwa da safe, ka ji?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mace za a shiga da ita ɗakin tiyata, tana koya wa Japanawa aikinsu! Da yamma ya kai labarin benci aka taya shi dariya.

Kwana goma sha biyu ta yi a gadon asibiti. Ranar sallama surukinsa ya zo da sabuwar motarsa mai sanyi, ya durƙusa ya ce, "Baba, a bari in ɗauko Mama, ƙafar ba ta son jijjiga." Na-Japan ya ƙi, kuma a gaban benci ya ƙi, Akawu yana zaune. Ya ce wadda ta kai ta ita za ta dawo da ita, kuma ya riga ya yi wa Uwargida alkawari ƙarfe goma sha ɗaya zai tsaya a ƙofar asibiti. Ya shimfiɗa matashi biyu a kujerar baya, ya goge gilashi da hannun rigarsa, ya kama hanya.

Tun kafin gada allurar zafi ta soma hawa. Ya gan ta sarai. Mutumin nan shekara talatin ya yi yana karanta mitar ruwa gida gida, shekara talatin masu gida suna rantse masa cewa mita ƙarya take yi, shi kuma yana ce musu allura ba ta da dangi. Ranar da allura ta juyo kansa, sai ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa ya ce ta ruɗe. Marigayiyar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kama hawan da giya ta biyu, ta koma ta ɗaya, ta ce "kaf, kaf, kaf," wani farin tururi ya tashi ya rufe gaba. Maganarta ta ƙarshe ita ce "tssss," doguwa, a hankali, ba tare da zargin kowa ba.

Ya tsaya a kan gada cikin rana, motoci suna zagaye shi suna hon, yana laluben ƙarƙashin sitiyari bai san inda ake jan bonet ba. Girman kai ya hana shi kiran suruki. Can kuwa Uwargida tana zaune a bencin ƙofar asibiti da jakarta da sandarta, ta hana ma'aikatan jinya su kira kowa, ta ce mijinta ya ce zai zo. Awa uku ta yi a wurin da ɗinki a gwiwa. Wanda ya ɗauko ta a ƙarshe Akawu ne, domin a makon nan, cikin ikon Allah, motarsa ta sauko daga kan duwatsu. Da ya ga har azahar ba su dawo ba sai ya bi sawu, ya tarar da Na-Japan a gada, ya rage gudu, ya sauke gilashi. Dama ta shekara ashirin ta zo masa har gida, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Shigo mu je, tana jira." Wannan ya fi yi wa Na-Japan ciwo a kan duk wata baƙar magana.

Washegari Sipana ya duba gawar. Ya buɗe lagireto ya leƙa, ya girgiza kai: babu ɗigo, inji ya ƙone ƙurmus. Na-Japan ya ce ba zai yiwu ba, motar da ba ta taɓa neman ruwa ba yaya za a yi ƙishirwa ta kashe ta? To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sipana ya goge hannu ya ce, "Maigida, yau dai sai ka yi haƙuri. Motar nan shekara goma sha tara tana yoyo. Mama ce ta gani tana sharar tsakar gida. Ta zo nan da ƙafarta, na nuna mata inda ake ja da inda ake zubawa, na ce sai inji ya huce. Kullum kana wanka take yi."

Wankan Na-Japan sananne ne, minti ashirin ne da waƙa. Ashe cikin minti ashirin ɗin nan, kowace safiya ta Allah, da zazzaɓi da lafiya, da damina da rani, Uwargida takan shiga ta ƙofar da ba ta kulluwa, ta ja bonet, ta ɗura koriyar buta guda, ta mayar da shi a hankali don kada ya yi ƙara, ta share jiƙon da ke ƙasa. Shi kuma ya fito yana ƙamshin sabulu ya tafi benci ya yabi Japanawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya koma gida ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, tana kwance ƙafa a kan matashi. Ya ce, "Uwar yara, don me ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na faɗa maka. Ka ce raɓa ce."

Ta gyara matashin ta ce, "Kuma na ga abin yana yi maka daɗi. Buta ɗaya ce, me ta rage ni da shi?"

Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna, ya yi ta zagaye tsakar gida yana kallon inda motar take kwana, inda siminti ya yi wani ɗan baƙin tabo da bai taɓa lura da shi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi huɗu, babu biyun da suke uwa ɗaya uba ɗaya, da safaya guda da ta riga ta sacewa. Ta bar jak, da sukurdireban gilashi, da kaset ɗaya da ya maƙale a rediyo tun auren babbar 'ya, da makulli biyu, da kwafin wasiƙu ashirin da ɗaya a cikin ambulan. Ta bar Sipana, wanda ya riƙe amana har ya gaji. Ta bar koriyar buta. Ta kuma bar kamfanin da ya ƙera ta ba tare da laifin komai ba, domin motar da za ta yi shekara goma sha tara da rami a ciki tana hawa gada ta fita kunyar iyayenta.

Wajen rubuta wannan sanarwa an ɗan yi gardama. Autar gidan, wadda take riƙe da biro, ta so a ce tsufa ne, a rufa wa Baba asiri, tunda za a manna takardar a shagon tela inda kowa zai karanta. Na-Japan ya ce, "A'a. Rubuta ƙishirwa. Ki rubuta a gidan ma'aikacin ruwa. Ki kuma rubuta wa yake ba ta ruwan." Abin da aka rubuta ke nan, da izininsa, ba a rage komai ba.

Za a kai marigayiyar makwancinta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga garejin Sipana zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, kuma motar Akawu ce za ta ja ta, idan ta tashi. Kafin a tafi za a bar bonet a buɗe domin masu son ganawar ƙarshe, mai ita da kansa zai ja shi, an nuna masa wurin. Ana roƙon jama'a kada su tambaye shi wace iri zai saya nan gaba, kada kuma a tayar da zancen noti. Wasiƙar godiya ta bana an riga an rubuta ta, shafi biyu kamar kullum, sai dai ba ta bukaci kan sarki ba, daga falo zuwa ɗaki aka kai ta.

Za a karɓi gaisuwa a gida, kuma Uwargida za a yi wa ta'aziyya, domin ita ta yi jinya. Masu zuwa da safe su dakata sai bayan ƙarfe takwas. Likita ya ce a riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi kowace safiya har wata uku, kuma kafin wannan lokaci maigidan ba ya samun sukuni, yana tsakanin murhu da ƙofar ɗaki da koriyar buta a hannu. Wankansa ya koma minti biyar, babu waƙa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya ba masu jiki lafiya, ya sa mu riƙa duba ruwa tun masu faɗa mana suna kusa.