Ranar da Ƙafata Ta Iya Keken Ɗinki

Ba zan taɓa mantawa da ƙazafin da na yi wa Ɗanjuma ba. Da ana goge abin da baki ya furta, da shi zan fara gogewa.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina koyon ɗinki wurin Malam Sule tela, kusa da tashar jirgin ƙasa a Minna. Rana ɗaya muka fara da Ɗanjuma. Cikin mako biyu ya iya taka keke. Ni kuwa da na ɗora ƙafa sai keken ya juya da baya, zare ya tsinke. Wata biyu ina haka (allurar da na karya ta isa a buɗe shago). Maigida ya ce in azumi ya kama ban iya ba, in koma gona.

Sai na tsayar a raina Ɗanjuma ne ya yi min sammu, har na faɗa masa a gaban jama'a. Na tafi garin Gwada na karɓo laya wurin wani boka, na ɗaure ta a ƙarƙashin keken, na tafi gida na yi barcina.

Washegari na zauna da ƙarfin gwiwa. Wallahi sai ƙafafuna suka tafi da kansu! Ɗinki ya miƙe sambal. Na tashi na tara maƙwabta ina cewa, "Kun gani ko? An karya sammu!"

Maigida ya sa hannu a aljihu ya zaro layar. "Wannan kake nufi? Tun jiya na kwance ta da zan sa wa keken mai."

Wata mai nono har sauke ƙwaryarta ta yi don ta ji daɗin dariya. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Kai, zauna," in ji Maigida. "Duk wata biyun nan ƙafarka koyo take yi, ba ta dai gaya maka ba. Ruwa ma a kan wuta shiru yake kafin ya tafasa. Yau ka zo ba tsoro, ka daina kallon ƙafar, sai abin ya haɗu."

Ɗanjuma bai yi dariya ba. "Barka, abokina," kawai ya ce. Sai da na shekara kafin na iya neman gafararsa. Ya yafe, amma bai ƙara cin tuwo da ni a kwano ɗaya ba.

Don Allah kada ku yi irin tawa. In koyo ya cije muku, ku ci gaba da takawa, ku kama bakinku. Nawa ya riga ƙafata iya gudu.