Rasuwar Kilifa a Tsakiyar Askin Auduga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, Baban Auta yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kilifarsa, injin askin da ya gada daga mahaifinsa. Ta cika ranar Asabar da yamma, a tsakar gida kusa da famfo, ta bar aiki rabi a ƙasa.

Marigayiyar ta yi rayuwa mai amfani. Ta aske kan uba, ta aske kan ɗa, ba ta taɓa cizon kunnen kowa ba sai wanda ya motsa da gangan. Ba ta da tsadar ciyarwa, ɗigon man keken ɗinki ya ishe ta wata guda. In aka kunna ta takan ce "zzzzz" cikin natsuwa. In ta tarar da suma mai taurin kai sai ta koma "grrrr", in kuma ta gaji ta yi ta "kat-kat-kat" har sai an murɗa mata ƙusar gefe da gindin cokali. Baban Auta ya san waɗannan muryoyi tun yana zaune tsakanin gwiwoyin mahaifinsa, an danne masa kai da hannu ɗaya.

Sanadin ajalinta kuwa Auduga ne, farin karen gidan mai gashi buzu-buzu, wanda Auta, ƙaramar 'yar gidan, ta raina tun yana ɗan kwikwiyo. Gashin Auduga ba inda bai kai ziyara ba: kan kujera, kan shanya, har cikin kofin shayi. Da Inna, mahaifiyar Baban Auta, ta dawo gidan da zama, ta yi atishawa har haƙarƙarinta ya yi ciwo, sannan ta yanke hukunci cewa ko gashin ya bar gidan, ko mai gashin ya bar shi. Ba ta tsaya nan ba, ta aika wa bakaniken bakin titi, wanda ke neman karen gadin gareji, cewa ya zo ranar Lahadi da igiyarsa. Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Baban nata ya dafa kanta, ya yi mata alkawarin ba wanda zai fita da Auduga muddin yana numfashi.

Ya fara zuwa wajen mai askin unguwa neman aron injin da zai aske Auduga. Mai aski ya tambaye shi ko so yake ya rufe shago. Uwargida ta ba da shawarar almakashi, ya ce da ita aikin zamani ba a yi masa dabarar kaka da kakanni. Ya kalli yadda ake yi a waya, inda karnuka ke tsayawa tsaf kamar an ɗauke su aiki. Sai ya ɗauko marigayiya daga kwalinta.

Auduga bai kalli wannan bidiyo ba. Wanka kaɗai ya jiƙa kowa a gidan fiye da yadda ya jiƙa shi. Aka goge shi, aka taje shi, Uwargida ta riƙe kansa tana kawar da fuska, Baban Auta ya durƙusa. Marigayiya ta yi "grrrr" irin wadda ba ta taɓa yi ba, amma ba ta ba da kunya ba. Ta share gefen hagu tas, daga wuya har gindin jela. A nan ne Auduga ya waiwayo, ko don godiya ko don neman sani, ya lashe ta da harshe tun daga baki har wutsiya. Inna tana zaune a inuwa tana kallo.

Sai aka kira Baban Auta a waya daga wajen aiki. Ya zare kilifa daga wuta, ya ajiye a bakin taga, ya shiga ɗaki. Da ya fito ya tarar da Inna tsugune gaban famfo, tana wanke ta wanki bakwai, na farkon da ƙasa, kamar yadda take yi wa kwanon da kare ya sa wa baki. Ta gaya masa, ba tare da ta ɗago ba, cewa abin da ya taɓa kan mijinta ba zai kwana da yawun kare ba. Wa zai ɗaga wa uwarsa murya? Baban Auta ya juya ya harari Uwargida, wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. An shanya ta a rana, an tura ta cikin buhun shinkafa kamar yadda ake wa wayar da ta faɗa ruwa. Da yamma aka jona ta. Ta ce "zz", ta ce "kat", ƙauri ya tashi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Mai gyaran rediyo da aka kai wa ya buɗe cikinta, ya zazzage yashi a tafin hannu, ya tambaya ko noma ake yi da ita.

Ta rasu ta bar wayar wuta mai ɗaurin salatif, da ƙananan matazanta da ba sa shiga bakin kowane inji, da buroshi wanda ya riga ta yin sanƙo, da kwalbar mai da ko rabi ba ta kai ba. Ta bar kan Baban Auta, wanda yanzu zai bi layi a shagon mutumin da ya hana shi aro. Ta kuma bar Auduga, dama rago, hagu figaggen zakara.

Ranar Lahadi bakanike ya zo da igiyarsa. Ya hango karen ta dama, ya gyaɗa kai. Auduga ya juyo. Bawan Allah ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce ɓarawon da ya ga wannan zai koma ya kira abokansa kallo. Ya naɗe igiyarsa ya tafi. Baban Auta bai ji daɗi ba ko kaɗan, domin ya san gashi tsirowa yake yi, kuma Inna ba ta janye hukuncinta ba. Atishawar ma tana nan, sai dai Uwargida ta ce ta ragu da rabi.

Za a kai marigayiya makwancinta gobe da la'asar, cikin kwalinta a saman kabad. Ba za a binne ta a tsakar gida ba, saboda an san wanda zai tono ta. Ana karɓar gaisuwa a baranda. Mai almakashi mai kaifi ya zo da shi, mai niyyar dariya ya yi zamansa a gida.

Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo ƙyallen naɗe ta. Inna ta yage tsohon zanenta gida biyu, ta ba da rabi. Ɗaya rabin kuwa, Baban Auta ya ga inda ya tafi yau da sassafe. Auduga na kwance a ƙofar ɗakinta yana rawar ɗari, ita kuma tana ja masa ƙyallen da bakin sandarta, a hankali, har ya rufe gefen da ba gashi.