Ranar da Aka Ɗaukaka Talakawan Tsamiya

A masarautar tsuntsayen da ke kan tsohuwar tsamiyar bakin rafi, ba a tambayar asalin kowa, reshen da yake kai ake dubawa. Sarki Mikiya yana can ƙololuwa, fadawa suna biye da shi, talakawa kuwa suna cushe a kogon gindin bishiyar, inda ko iska ba ta san da zamansu ba.

Da sanyi ya kankama, sai aka kira Inna Hazbiya gaban majalisa. Fiffikenta ya taɓa karyewa, kuma tun daga nan yakan yi mata tsami idan babbar iska na tafe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana huɗu ke nan ban iya miƙe shi ba. Idan ya yi haka sau uku, sau biyu iskar takan zo. Ni dai da za a ji tawa, kowa ya sauko ƙasa."

Waziri Hankaka ya gyara tsayuwa. "Inna, za ta zo ko ba za ta zo ba?"

"Allah kaɗai ya sani, Waziri."

"To, jama'a kun ji da kunnenku. Ba ta sani ba. Yaya za a ce Sarki ya sauko daga reshen kakanninsa saboda ciwon tsufa?"

Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kowane bafade yana satar kallon siririn reshen da sheƙarsa ke lilo a kai. Aka sallami jama'a, manya suka shiga ganawa.

Washegari Waziri ya fito da albishir. "Majalisa ta yi nazari mai zurfi, ta tabbatar babu wata iska. Domin murnar haka, Sarki ya ɗaukaka talakawansa. Daga yau ku ne a sama. Mu kuwa za mu ƙasƙantar da kanmu, mu shiga kogo, mu ɗanɗana irin wahalar da kuke sha."

Guɗa ta kaure. Tabawa Kurciya ce kaɗai ba ta yi murna ba, domin 'ya'yanta biyu ko gashin kirki ba su yi ba.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na gode, amma a bar ni a kogona har yaran nan su iya tashi."

Waziri ya ce, "Haba Tabawa! Kyautar Sarki za ki mayar?"

Ba a mayar da kyautar Sarki. Ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta haye da su.

Ranar Laraba da la'asar iskar ta iso. Tabawa ta kife a kan 'ya'yanta, ta ƙanƙame sheƙa, har reshen ya ɓalle da su gaba ɗaya. Ta farfaɗo cikin ƙaya ita kaɗai. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe.

Da ƙura ta lafa, manya suka fito daga kogo ko gashi ɗaya bai tuje musu ba. Majalisa ta zauna, ta kama Inna Hazbiya da laifi, tun da da ta yi magana da tabbaci, da an ɗauki mataki. Aka kore ta daga tsamiyar.

Daga nan aka nemi wanda zai yi jawabin godiya a madadin waɗanda aka ɗaukaka. Tabawa ce kawai ke iya tsayawa da ƙafafunta. Aka jawo ta gaba, Waziri ya raɗa mata ta taƙaita, don Sarki ya gaji.