Ranar da Mai Girma Ya Gyara Mini Babur da Guduma

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci kowane abu da gwargwadonsa, bai ɗora ƙafar raƙumi a jikin akuya ba. Bayan haka, ya ku masu karatu, yau Juma'a da hantsi na turo babur ɗina da hannu tun daga filin taro har gida, injinsa a cikin buhu a ɗaure bisa sirdi, ina tafe ina istigfari don kada harshena ya furta abin da zuciyata take ƙullawa.

Babur ɗin tsoho ne, kamfaninsa ya daina ƙera irinsa tun gemuna yana baƙi. Ba don ado nake riƙe da shi ba. Yayana, wanda ya koya mini alwala, ƙafafunsa sun gaza, masallacin Juma'a kuma ya yi masa nisa. Wannan babur kaɗai yake iya hawa, domin sirdinsa faffaɗa ne, kuma kusa da ƙasa. Tun da injin ya kwanta Yaya bai sake shiga sahun Juma'a ba. Kowane mako sai ya ce, "Ƙanena, wannan karon fa?"

Bakanikenmu, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Noti, ya kwance injin ya nuna mini ciwon. Fistin ne ya cinye. Shi kuwa fistin yana hawa da sauka ne a cikin ramin silinda, kuma dole faɗinsu ya zo daidai. In ya yi ƙanƙanta, inji ya sha baƙin mai ya yi ta hayaƙi. In ya yi girma, ba ya shiga. Muna cikin bin rumfunan masu tsofaffin kayan gyara a hankali, muna gwadawa muna ajiyewa, sai Mai Girma Shugaban Kwamitin Zamanantar da Ababen Hawa, Allah ya ƙara masa kujera mai laushi, ya sa aka rufe rumfunan duka. Wai tarkace ne masu zubar mana da mutunci. Ya ce kwamitinsa ya kawo fistin guda mai shiga kowane babur a duniya.

Subhanallahi! Na rayu na ga takalmin ɗa ya matse uba, na ga hular wa ta faɗo wa ƙane har hanci, amma ban taɓa jin cewa ƙarfe yana sauraron sanarwa ba.

Aka shirya bikin ƙaddamarwa: rumfuna, kujeru, lasifika, da 'yan rediyo masu watsawa kai tsaye. Aka ce a nemo babur mafi tsufa don a kunyata masu shakka. Hadiman Mai Girma suka zo gareji suka ɗebe nawa a mota, suka haɗa da ni da bakaniken. Motar ta san hanyar zuwa, daga baya na gane ba ta san ta komawa ba.

Da aka miƙo sabon fistin, na ɗora shi a bakin silinda, ya zauna a sama kamar murfin tukunya. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya fi ramin faɗi. Ko da hannu aka shafa za a ji."

Mai Girma ya yi murmushi yana duban masu ɗaukar hoto. "Baba, matsalarku ke nan ku dattawa, tsoron ci gaba. Kwamiti ya zauna, ya tabbatar zai shiga."

Na juya ga Sarkin Noti. "Kai ka san ƙarfe, yi masa bayani mana."

Bawan Allah ya dubi dogayen mutanen da ke tsaye bayan Mai Girma, ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda kun ce ya shiga, ai shiga ta zama wajibi a kansa."

Sai aka kawo guduma a kan faranti, an ɗaure mata ƙyalle. Mai Girma ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da babbar murya, abin da ya fi komai ƙona mini rai, ya shiga bugu. Fistin ya ƙi, shi kuwa ya ƙara ƙarfi. Can sai na ji ƙas! Silinda ta tsage daga baki har gindi, ita da babu irinta sai a rumfunan da ya rufe. Wani hadimi ya yi ihu, "Ya shiga!" Tafi ya kaure. A bayan rumfa wani ya tayar da sabon babur kusa da lasifika, ya yi ta murza masa wuta don mutanen gida su ji.

Ni dai ina jinjina wa wannan hikima. Mu da muka ƙarar da ƙuruciya a gaban malamai an koya mana cewa kafin a yanke hukunci sai an san halin abin da ake hukuntawa. Ashe ɓata lokaci muka yi. Ga wanda bai taɓa riƙe sufana ba ya warware mas'alar da bugu, har an yi masa addu'ar ƙarin matsayi.

A hanya maƙwabcina tela ya leƙo daga shago. "Malam, yau kai ne ke goyon babur ɗin? Yanzun nan muka ji a rediyo yana ruri kamar zaki!"

Na ce, "Ka ji da kunne, ga shi kuma ka gani da ido. Zaɓi wanda za ka gaskata."

Da na iso gida, na tarar da Yaya a zaune a bakin ƙofa. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya shafa turare, sandarsa a kan cinya, rediyo a gefensa. Fuskarsa tana haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya dubi buhun, ya dube ni. Na kwance bakin buhun na nuna masa tsagar.

Ya shafa ta da yatsa, sannan ya ce, "To, ƙanena, ɗora ni a kan rediyon mana, tunda a cikinsa ne babur ɗin yake tafiya."

Ladan ya yi kira muna nan zaune. Muka yi azahar a tsakar gida, shi a kan kujera, ni a tabarma. Na yi wa Mai Girma addu'a kamar yadda aka hore mu ga shugabanni, na roƙa masa lafiya mai ɗorewa, domin ina jiye masa ranar da zai faɗa hannun likitan da ke da magani guda na kowace cuta.